Bazarar da Muka Nutsar da Jirgin Gwaggo

Har yanzu idan taya ta fashe a titi, ko ta keke ce, sai na ajiye abin da ke hannuna na nemi bango na jingina. Ina faɗin wannan tun farko don kada a zaci na warke sarai. Amma a bazarar da abin ya fi tsananta, lokacin da ko moɗar ruwa ba na iya kaiwa baki sai rabi ya zube a zanena, a nan na yi dariyar da ban taɓa yin irinta ba, kuma a kan wani tsohon jirgin kamun kifi ne da kaji suka mayar gidansu.

A lokacin shekara biyu ke nan da aka ba mu jiha. Na gama sakandare a Gusau, ina zaune a gidanmu a Tudun Wada ina jiran tafiya Zariya, inda na samu gurbi a makarantar horar da malamai. Sai na je Tsafe wajen yayata da ta haihu. Ranar dawowa ana wahalar mai, mota ɗaya aka samu, aka cusa mu ciki da buhunan dawa har kan cinya. Ba mu yi nisa da garin ba tayar gaba ta fashe. Motar ta yi gefe, ta wuntsila, ta kwanta ƙafafu sama a cikin wani kwari. Abin da na riƙe shi ne duhu, da buhu a kan ƙirjina, da ƙasa a bakina, da wata tsohuwa tana salati a wani wajen da na kasa gane ko sama ne ko ƙasa. Ba wanda ya rasu. Ni ɗan ƙwarzane kawai na samu a gwiwar hannu. Shi ya sa mutane suka kasa gane halin da nake ciki. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce ai Allah ya kiyaye, in ce haka ne, in koma ɗaki.

Daga ranar ban sake shiga mota ba. Ko ɗan kabu-kabu ne ya tsaya a ƙofar gida sai in shige ɗaki. Zariya kuwa ba a zuwa da ƙafa, hanyarta kuma ta Tsafe ta bi, ga shi an ce in ban je ba kafin tsakiyar damina za a ba wata gurbin. Baba ya lallashe ni, ya yi faɗa, ya karɓo mini rubutu na sha, daga baya ya ƙyale ni. Inna ta daina zancen tafiyar gaba ɗaya.

Gwaggo, yayar Baba, tana zaune a wani ƙauye bayan Bunguɗu, a bakin gulbi. Mijinta masunci ne, ya rasu da daɗewa, ita kuma tana bandar kifi tana sayarwa. Da ta zo duba ni ba ta tambaye ni komai game da motar ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce wa Baba tana neman mai taya ta aiki, a ba ta ni. Baba ya tambaye ta da me za ta kai ni. Ta ce maƙwabcinta ya kawo albasa kasuwa a amalanken shanu, zai koma fayau, in shanu ma sun fi ƙarfina to ƙafata lafiya lau take. Haka muka tafi. Rabin hanya ina kan amalanke, rabi ina biye da shi a ƙasa, mai shanun yana ta mamakin 'yar birni da ta fi son ƙura a kan zama.

Jirgin mijin Gwaggo yana kife a ƙarƙashin tsamiyar da ke bayan gidan. Daga gungumen maɗaci ɗaya aka sassaƙa shi, siriri, mai ɗaukar mutum uku ko huɗu in ba masu jiki ba ne. Tun rasuwar mai shi ba a taɓa shi ba. Rana ta busar da shi ya yi fari, ya tsattsage, awaki suna hawa bayansa suna tsalle, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Gwaggo tana da 'yar gona a tsallaken gulbi. Da rani ana taka yashi a wuce, amma da damina sai ta tsaya a gaɓa tana jiran wanda zai ji tausayinta ya haye da ita. A bana, in ji ta, ta gama roƙon shiga jirgin mutane alhali nata na kwance yana renon kaji.

Wanda zai nuna mana aikin shi ne ƙanen marigayin, wanda nake kira Baffa. Ya bar sana'ar su saboda idonsa ya yi hazo, gwiwoyinsa kuma sun ƙi, sai dai ya zauna yana ɗinkin komar kamun kifi da lalube. Tsakaninsa da Gwaggo wasan matar wa da ƙanen miji ne, kuma tsufa bai rage musu komai ba. Ranar farko ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa shi da sanda, ya ce a ganinsa a faskara shi, zai yi bandar wata guda cur. Gwaggo ta ce in bushewa da tsagewa ne ke sa a kai abu murhu, da shi tuni ya dafa tuwon unguwa. Ya ce ai shi ya sa yake zama nesa da madafarta. Ni ina gefe, ban san lokacin da na yi murmushi ba.

Aikin farko shi ne a gano duk inda ya tsage, har wanda ido ba ya gani daga waje. Yadda suke yi, sai rana ta take, a jawo jirgin fili yana kife, a ɗaga gefe ɗaya a kan duwatsu, a rufe kewayen da tabarmi don ciki ya yi duhu. Mutum ya shiga ƙarƙashi ya kwanta rigingine da tsinken tsintsiya a hannu. Duk inda haske ya ratso, nan ruwa zai ratso, sai ya tura tsinke ta nan don na waje su gani. Baffa ba ya gani, balle ya durƙusa. Gwaggo ta ce ita za ta shiga. Ta sa kai, ta sa kafaɗa, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Ta maƙale, ƙafafunta a waje suna harbin iska, tana zagin Baffa ta cikin icce, shi kuwa yana cewa a bar ta nan, dama jirgin marfi yake nema. Da ƙyar muka jawo ta, kanta duk gashin kaji.

Babu wanda ya dube ni. Ni ce na ce bari in gwada.

Na sa kaina kawai, na shaƙi ƙasa da duhu, sai ga motar nan ta dawo mini gaba ɗaya, har nauyin buhun. Na fito da baya, na je bayan tsamiya na yi amai. Gwaggo ta kawo mini ruwa, ta ce yau rana ma ta karkace, a bari sai gobe, ta aike ni in juya kifin da ke kan banda. Washegari ban je wurin ba. Baffa ya zo ya zauna ya yi ta ɗinkinsa kamar ba jirgin ya kawo shi ba. Sai da aka kwana biyu ko uku, wata rana da hantsi ya wuce, na ga Gwaggo ta share ƙarƙashin jirgin don kunama, ta shimfiɗa buhu, ta zauna a gefe ta miƙe ƙafa.

“In kin shiga zan riƙe miki ƙafa,” ta ce. “Kin motsa ta sau biyu, in jawo ki waje kamar tarwaɗa.”

Na shiga. Hannunta yana kan idon sawuna, mai kaushi, mai ɗumi. Na runtse ido. Su kuwa suka jingina da jirgin suka ci gaba da faɗansu, a kan wata akuya da Baffa ya ce ta ci masa koma tun shekarar da aka yi fari, Gwaggo tana cewa komar da akuya za ta ci ai dama ba kifi take kamawa ba. Muryoyinsu suna zuwa mini ta cikin iccen kamar ana magana a tulu. Da na buɗe ido sai na ga haske ko'ina, sirara-sirara kamar zaren saƙa, wasu dogaye, wasu ɗigo kawai, ƙura tana yawo a cikinsu. Na tura tsinke na farko. Na ji tafin Baffa yana shafa bayan jirgin har ya same shi, ya ce ga ɗaya. Na tura wani, na tura wani. Can sai na ji an kama tsinken da nake turawa ana ja. Na riƙe. Aka ƙara ja. Na ja nima. Daga waje Baffa ya ce wa Gwaggo jirgin nan akwai kifi a ciki, kuma mai taurin kai ne. Dariya ta kuɓuce mini a cikin duhun nan, har ƙasa ta shiga bakina, na yi ta tari ina dariya. Ban motsa ƙafar ba. Da na fito, jirgin ya zama bushiya, tsinkaye ta ko'ina, matan maƙwabta sun leƙo ta kan danga suna tambaya ko sabon magani ne.

Sai neman kayan aiki. Auduga muka samu a wajen wata tsohuwa mai kaɗi, man kaɗe Gwaggo tana da shi, ƙusoshi Baffa ya kawo a cikin wani ƙullin tsumma, duk sun lanƙwashe sai da muka miƙe su a kan dutse. Kwalta ce ta zama aiki. Akwai wata tsohuwar duro da masu aikin hanya suka bari a bakin titin Sakkwato, da sauran kwalta a gindinta, kuma sai da sassafe take ɓantaruwa, kafin rana ta sa ta danƙo. Gwaggo ta ɗauki gatari, ta ba ni bokiti. Muna cikin ɓantara wata babbar mota ta taho da gudu, ƙasa na girgiza. Na tsuguna na toshe kunne. Gwaggo ba ta ko ɗaga kai ba, ta raka direban da cewa in gaggawa ce ke kawo arziki da kare ya gina soro. Ta jira har na miƙe da kaina, ta ce in riƙe bokitin da kyau.

A gida muka murza audugar da man kaɗe ta zama kamar lagwanin fitila. Sai a cire tsinke, a ɗora lagwanin a kan tsagar, a tura shi ciki da dakusasshiyar wuƙa ana ɗan bugawa da guntun icce. Gwaggo ta ɗauki gefe ɗaya, na ɗauki ɗaya. Ita tana bugu kamar mai sussuka, ni kuwa hannuna na rawa, in na buga sau uku ɗaya ne ke samun wuƙar. Na ji kunya ƙwarai. Da yamma Baffa ya zo ya bi aikin da yatsa. Ya taɓa na Gwaggo ya yi tsaki, ya ce wannan ai ta toshe wa iccen baki, in ya sha ruwa ya kumbura bai da wurin haɗewa, sai ya ƙara tsagewa. Ya zagayo nawa, ya danna.

“Wanga shi na aiki,” ya ce. “Sako-sako. Ɗiyata, wa ya koya miki?”

Na ce ba kowa, hannun ne ba ya tsayawa. Ya ce to kada in bari ya tsaya sai mun gama. Har yau ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko don ya faranta mini ne, ko kuwa don ya ƙona wa Gwaggo rai. Ita dai ta kwashe yini guda tana zaro audugarta da basilla, tana cewa makaho ya zama alƙali, duniya ta zo ƙarshe.

Akwai wani babban rami a wajen gindin jirgin inda gara ta ci. Nan muka fasa wani tsohon galan, muka buge shi ya miƙe, muka shafa kwalta, muka kafa da ƙusoshi. Sannan muka narka sauran kwaltar a tsohuwar tukunya muka bi duk tsagar muna shafewa da tsumma a bakin kara. Hayaƙi, zafi, warin kwalta har cikin tuwo. Tafin ƙafata ya yi baƙi, kaza ɗaya ta taka ta tafi da ganyen tsamiya manne a ƙafa kamar mai takalmi. A kwanakin nan nake cin abinci har in nemi ƙari, in kwanta kuma ban san inda kaina yake ba sai kiran salla.

Gulbi a lokacin yashi ne, sai wani gurbi mai zurfi a gindin wata ɗorawa da ba ya ƙafewa. Mazan unguwa suka ɗauki jirgin a kafaɗa, mata na biye, wata ma ta rangaɗa guɗa don tsokana. Aka sa shi a ruwa. Ya tsaya cas, baƙi, yana ƙyalli, na ji kamar ni na sassaƙa shi. Sai na ga ruwa yana tsattsafowa. Ta gefena, ta gefen Gwaggo, ta wuraren da ko tsinke ban sa ba. Kafin a jima ya kai idon sawu. Baffa ya sa hannu ya taɓa, ya ce madalla, a kawo duwatsu. Mutane suka fara jibga duwatsu a ciki suna raha, jirgin yana nutsewa a hankali har ruwa ya rufe shi, sai kumfa. Ni na ɗauka aikin ya lalace ne, suna jefar da shi. Na fashe da kuka a gaban kowa.

Gwaggo ta juyo ta gan ni, ta riƙe baki. Ashe ba wanda ya tuna ya gaya mini, don a wajensu ko yaye aka yi wa mutum ya san wannan.

“Icce na, ɗiyata,” ta ce, tana share mini fuska da gefen zanenta. “Shekara nawa yana jin ƙishi? Sai ya sha ya ƙoshi kana ya rufe bakinsa.”

Baffa ya ce ita ma da za a samu gurbin da zai ɗauke ta a jiƙa ta kwana bakwai, wataƙila a dace. Ta watsa masa ruwa, ya rama bai san inda take ba ya jiƙa liman da ya zo wucewa. Kukana ya koma dariya, ga hawaye ga majina.

Aka ɗaure shi da igiya a jikin ɗorawar aka bar shi. Kullum sai na je na leƙa, in hango duhunsa a ƙasan ruwa, ƙananan kifaye na shiga suna fita. Ana nan hadari ya fara haɗuwa ta gabas, aka yi ruwan farko, aka yi na biyu. Wata safiya muka tashi gulbi ya kawo, ja, yana tafe da kara da kumfa, yashin nan duk ya ɓace. Maza suka nutsa suka kwashe duwatsun, aka jawo jirgin gaɓa, muka kwarfe shi da ƙwarya. Ya yi nauyi, ya yi duhu, tsagar da nake sa ɗan yatsa a ciki ta haɗe ta cije audugar. Aka mayar da shi ruwa muka zuba ido. Sai ɗan tsattsafi ta wajen facin galan, wanda Baffa ya ce ba jirgin da ba ya yi.

Gwaggo ta shiga ta zauna a gaba don ta zama idon Baffa, shi ya zauna a baya da filafilin tuƙi. Ni ina tsaye a gaɓa, ruwa na wucewa. Ba wanda ya ce in shiga. Gwaggo ta miƙo mini ƙwaryar kawai, ta ce tsakiyar jirgi ba mai kwarfa, ita kuma ba ta iya juyawa. Na karɓa. Na sa ƙafa ɗaya, jirgin ya yi gefe, na ƙanƙame bakinsa da hannu biyu har kwalta ta manne mini. Na sa ɗayar, na zauna a ƙasa. Baffa ya tura.

Ban kalli ruwa ba, ban kalli gaɓa ba. Ƙwarya nake kallo. Da muka kai tsakiya igiyar ruwa ta bugi jirgin ya juya, na kira Inna da ƙarfi. Gwaggo tana cewa dama, dama, Baffa yana cewa damarta ko tasa. Ni ina ta kwarfa, ina ta kwarfa, ashe ruwan ya ƙare tuntuni, ƙasan jirgin nake kankara.

“Ɗiyata,” in ji Baffa, “a hankali. Kada ki huda muna abin da muka sha wahalar liƙewa.”

Na ɗaga kai don in ba shi amsa, sai na ga mun kusa. Ga gonar Gwaggo, ga balbelu a kan kunya, ga garin can baya ya zama ƙarami. Da muka taka ƙasa na zauna a kan yashi ina ta dariya. Ranar muka shuka masara. A makon nan mun haye gulbi safe da yamma, kullum ni ce mai ƙwarya, har na fara sakin bakin jirgin ina jan hannu a ruwa.

Ranar kasuwar Bunguɗu na ce wa Gwaggo ina so in gwada komawa Gusau a mota. Ta ɗaure mini kifi banda a takarda, ta raka ni, ta zauna kusa da ni ta danne ni da jikinta har ba wurin rawa. Na yi hanyar ido rufe, amma na yi ta.

Tafiyar Zariya da Baba muka yi. Ya samo mini bakin ƙofa. Muka wuce kwarin nan ban gane shi ba, don damina ta rufe shi da ciyawa, sai da Baba ya daina jan carbi na san mun wuce. A Tsafe direba ya tsaya shan mai a bakin hanya, kowa ya sauka. Na sauka nima, na tsaya a inuwar wata rumfa ina kallon hanyar gidan yayata, wadda ko da ƙafa zan iya zuwa. Baba ya sayo dafaffen ƙwai ya miƙo mini. Na ɓare, rabin farin ya tafi da ɓawon, na ci a tsaye. Direba ya yi oda, mutane suka fara shiga. Na goge hannuna a gefen mayafi, na ce wa Baba ya fara shiga, ni ce ta bakin ƙofa.